Ƙanina ya ci bak a ƙauye, in tura shi fak ko in sa shi a shago?

Mai_shago_Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka yi fak, wato jami'a, ko suke da yara a can. Ƙanina da muke uwa ɗaya uba ɗaya ya ci bak D, wato jarrabawar gama sakandare ta fannin kimiyya, bana a lise, makarantar sakandaren garinmu can ta wajen Lagdo, kuma tun daga firamare har ya gama bai taɓa zaman birni ba, in ya zo Garwa ma lokacin hutu ne ya ɗan taya ni zaman shago ya koma gona. Yaron yana da kai wallahi, bai taɓa maimaita aji ba, shi burinsa ya karanta abin da ya shafi noma ko dabbobi a Ngaundere.

To matsalar ita ce kawunmu ya tsaya kai da fata wai kar a ɓata kuɗi, wai 'ya'yan ƙauye in sun je Dang, inda jami'ar Ngaundere take, shekara ɗaya suke yi su dawo hannu rabbana, karatun sama na 'ya'yan ma'aikata ne da suka tashi da faransanci a baki. Kuma yana da hujja don akwai yara biyu a garinmu da suka je suka dawo ba digiri ba sana'a, yanzu ɗaya moto yake ja. Baba shi ya yi shiru ya ce duk abin da na yanke, tunda ni zan ɗauki nauyi. Ni kuma ban yi nisa a boko ba balle in san yadda abin yake a ciki.

Abin da nake so in sani, da gaske ne tashi a ƙauye yana kayar da yaro a jami'a? In da gaske ne, mene ne takamaimai yake kayar da su, kai ne ko kuɗi ne ko me? Don in abu ne da za a iya tarewa ni a shirye nake. Allah ya saka da alheri.

Ɗan_Dang_tsohon_ɗalibi:

Wa alaikumus salam yaya. Ni ɗan ƙauye ne na gaske daga wajen Tibati, kuma a Dang na yi lisans ɗina, wato digirin farko, don haka bari in gaya maka abin da na gani da idona. Maganar kawu akwai gaskiya a ciki amma ya ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Ba kai ba ne. Yaron da ya haye probatuwar, jarrabawar da ake yi shekara ɗaya kafin bak, ya haye bak a lisen da wani lokaci malamin lissafi ɗaya ne tak ga makaranta gaba ɗaya, ba lantarki a gida, yana gona da safe ranar da ba aji, wannan yaron ai ya riga ya nuna abin da zai iya. Abin da yake kayar da mu rashin sanin hanya ne da kunyar tambaya, kuma duk a zangon farko abin yake faruwa.

Ka ga a lise malami ya san sunanka, in ba ka zo ba zai tambaya. A fak kuwa za ka shiga amfi, wato babban ɗakin lacca, ka tarar da ɗaruruwan mutane, malami yana can gaba da makirfo yana zuba faransanci da sauri, ba mai ce maka rubuta wannan bar wancan. Ɗan birni yana da wa ko ya ko ɗan maƙwabci da ya riga ya bi hanyar, tun kafin ya zo an gaya masa cewa gwajin CC ɗin nan da ake yi a tsakiyar zango yana shiga cikin makin ƙarshe, kar ka yi wasa da TD, wato darasin atisaye da ake yi a ƙananan rukuni, ga inda ake samun tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ga yadda ake rubuta takardar koke in makinka bai fito ba, ga ranar da ake rufe karɓa. Ɗan ƙauye shi sai abin ya same shi yake sani. Na ga yara masu ƙoƙari sosai da suka rasa darasi guda ba don sun faɗi ba, don kawai an canja ɗakin jarrabawa an sanar a gurup ɗin WhatsApp na aji su kuma wayarsu ƙarama ce mai madannai. Wallahi abin yana min ciwo har yau.

Sai kunya. Mu an rene mu ba a ɗaga murya gaban babba, ba a kallon malami ido cikin ido, kuma faransancinmu na littafi ne, muna rubuta shi daidai amma in za mu yi magana harshe ya yi nauyi, ka ji yaran Yawunde da Duwala suna ta sheƙa shi kamar ruwa sai ka ɗauka sun fi ka sani. Sai sakamakon farko ya fito ka ga ashe da yawansu bakin ne kawai. Amma kafin ya fito ɗin wasu sun riga sun karaya, sun daina zuwa aji, sun koma zaman ɗaki.

Na uku kuɗi, kuma ba yawansa ba, lokacin zuwansa. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati sefa dubu 50 ne a shekara tun gyaran 1993, shekarar da aka mai da Ngaundere cikakkiyar jami'a kuma aka daina ba ɗalibai burs, wato kuɗin tallafin karatu, ana ma iya biya kashi biyu. Wannan ba shi ne nauyin ba. Nauyin ɗaki ne a minisite, wato gidajen hayar ɗalibai, don masu gidaje galibi kuɗin watanni da yawa suke so a dunƙule, sai katifa, risho ko gas, fotokofi da ba ya ƙarewa, kuɗin intanet, in za ka shiga gari kuma Dang tana da nisan wajen kilomita 15. Duk wannan a watan Oktoba yake faɗowa, daidai lokacin da manomi bai sayar da komai ba, masara da gyaɗa suna gona ko an girbe farashi yana ƙasa, kuɗin auduga kuma sai can gaba bayan an yi awo. Ɗan ma'aikaci ƙarshen kowane wata abu yana shigo masa ko kaɗan ne. Shi ya sa nake ganin ƙaninka ya fi mu sa'a tunda kai ɗan kasuwa ne. Shawarata kar ka damƙa masa kuɗin shekara gaba ɗaya, ka biya ɗaki da rajista da kanka, sannan ka yanka masa abin da za ka iya duk wata ta Orange Money ko MoMo a rana ɗaya sananniya, ko kaɗan ne in dai ya san ranar zai tsara kansa. Daga gida kuma a riƙa aiko masa da garin masara, kuka, kuɓewa busasshiya, wake, man gyaɗa, wannan ba ƙaramin taimako ba ne, mu da shi muka rayu har muna ciyar da 'yan birnin da kuɗinsu ya ƙare tsakiyar wata.

Ka saya masa waya mai WhatsApp kafin komai. Da bargo mai kauri, mutumin Benuwe bai san sanyin Adamawa ba sai ya hau tudun nan.

Ummu_Hanan:

Salam. Yaya mai shago Allah ya biya ka da wannan niyya. Na yarda da yawancin abin da ɗan'uwa na sama ya faɗa amma ina so in ɗan ja da shi a wuri ɗaya, don yadda ya zana abin sai ka ce mu 'yan birni a kan shimfiɗa muka yi karatu. Ni a cikin Garwa aka haife ni, babana tela ne, a gidanmu ba wanda ya taɓa taka jami'a kafin ni, Hausa muke yi a gida, a unguwa fulatanci, faransanci sai a aji, to ina bambancina da ɗan ƙauye? Ba wanda ya gaya min mene ne CC ni ma. Wanda yake da wannan gatan ɗan gidan 'yan boko ne, ko a birni yake ko a ƙauye, ɗan daraktan makarantar ƙauye ya fi ɗan mai faci na cikin birni sanin hanya nesa ba kusa ba. Don haka ni a ganina tambayar ba ƙauye ko birni ba ce kaɗai, wa ka sani da ya riga ka shiga.

Kuma akwai abin da ke cin 'yan birni wanda ba a faɗa. Yaron da ya tashi uwa tana dafa masa tana masa wanki, ranar da ya samu ɗaki shi kaɗai ba mai ce masa tashi, da yawa a nan suke lalacewa, kallon ƙwallo har tsakar dare, caca ta waya, abokai, a ci kuɗin wata a sati. A ajinmu waɗanda suka fi kowa zama a laburare yaran Mayo Danay ne da na wajen Mokolo da Kaele, sun san abin da aka sayar aka turo su, ba su da wasa ko kaɗan. Shekarar farko mun fi su maki, daga ta biyu suka kamo mu, a ta uku wasunsu mu muke zuwa su yi mana bayani.

Inda ƙauye yake cutarwa da gaske wajen mata ne, kuma wannan tun kafin a kai ga fak. Yarinya ta gama firamare lise yana wani gari mai nisa, iyaye ba za su bar ta ta je ta zauna gidan wani ba, shikenan sai aure. Wadda ta kai bak ɗin ma sai a ce ina za ta zauna, ɗiya mace ita kaɗai a ɗakin haya? Ni kaina sai da innata ta sa baki sosai, kuma da sharaɗin zan zauna gidan ƙanwar babana a cikin Ngaundere in riƙa hawa mota kullum zuwa Dang, ga aikin gida yana jirana in na dawo. Shi ya sa na ji daɗi da aka buɗe jami'ar Garwa a 2022, ga ta Marwa tun 2008, yanzu yarinya za ta iya karatu tana kwana ɗakin uwarta. Yaya in kuna da ƙanne mata a bayansa dan Allah a tuna da su su ma.

Mai_shago_Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Hajiya Ummu Hanan maganarki ta shige ni, akwai ƙanwarmu tana aji uku a lise yanzu kuma in sha Allahu ba za a cire ta ba muddin ina da rai. To amma kin kawo wata magana, tunda akwai jami'a a nan Garwa ba gara ya zauna wajena ba, ya ci abincin gida, in ya taso ya taya ni shago? Kuɗin ɗaki ya huta kenan. Ko akwai illa a haka?

Malam_na_lise:

Assalamu alaikum. Alhaji ni malamin lise ne, a makarantar horon malamai ta Marwa na fito, na koyar a ƙauye yanzu ina cikin gari, don haka duka biyun sun bi ta hannuna. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe. Zama wajenka yana da kyau ta fuskar kuɗi da tarbiyya, amma kalmar nan "ya taya ni shago" ita nake tsoro. Na ga yara da yawa da shago ya cinye, ba da mugun nufi ba, yau an kawo kaya je ka karɓo, gobe yaya ya tafi kasuwar Pitowa ranar Lahadi zauna ka tsare, jibi biki, kuma yaro mai kunya ba zai iya ce wa wanda yake biya masa makaranta a'a ba. In zai zauna wajenka to ka ɗauka ba ka da yaron shago sai lokacin hutu. Sannan fannin da yake so shi zai yanke hukunci, ba kusa ko nesa ba. Tunda noma da dabbobi ne a ransa, a Ngaundere akwai makarantar likitancin dabbobi, akwai IUT ta koyon fasaha, akwai ENSAI ta harkar sarrafa amfanin gona, kuma irin waɗannan da kwankur, wato jarrabawar neman gurbi, ake shiga ba rajista kawai ba.

A nan ne ma nake ganin an fi barin 'ya'yan ƙauye a baya. Sanarwar kwankur tana fita, ɗan gari ya gani a waya ko wani ya kira babansa, ya haɗa dosiye, wato takardun nema, ya shiga darasin share fage, ɗan ƙauye yana can yana noman damina sai an rufe ya ji labari. Alhali a kwankur na gwamnati akwai rabon gurabe tsakanin yankuna, wato yaranmu na arewa suna da wurinsu, amma sai ka nema za ka samu. Ko bana ta wuce shi zai iya shiga fak ɗin kimiyya ya yi shekara yana shiri ya gwada baɗi, da yawa haka suke yi.

Abu na biyu da ba wanda ya ambata, takardu. Dan Allah yau ɗin nan ka ɗauko takardar haihuwarsa ka jera ta da takardar BEPC ta tsakiyar sakandare da probatuwar da ta bak da katin ɗan ƙasa, ka sa wanda ya iya karatu ya duba harafi bayan harafi. A ƙauyukanmu yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa da wuri ba sai da aka zo jarrabawar gama firamare aka bi ta kotu, to a nan ake samun suna ya bambanta, nan an rubuta shi da wani harafi can da wani, ko ranar haihuwa ta sha bamban. Ƙaramin abu ne amma yana iya tsayar da dosiye, kuma gyaransa yana cin lokaci.

Game da karatun kansa kuwa, gaskiya akwai giɓi kuma bai kamata mu ɓoye ba. Makarantun ƙauye da yawa malaman da iyaye suke biya da kansu ne suke riƙe da su, wasu lise ɗin ba ɗakin gwaje-gwaje, yaro ya ci bak D bai taɓa leƙa madubin ƙara girman abu ba, kwamfuta a allo aka zana masa ita. A Arewa Mai Nisa kuma ga abin da rikicin Boko Haram ya yi tun 2014, makarantun bakin iyaka a Mayo Sava da Mayo Tsanaga da Logon da Shari an rufe da yawa, yara suka watse zuwa Mora da Mokolo da Marwa, wasu sun yi asarar shekaru. Duk wannan ba laifin yaro ba ne. Amma abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne giɓin nan na abubuwa ne da ake koya cikin 'yan watanni. Kafin Oktoba ka sa shi wajen masu koyar da kwamfuta a nan Garwa ya iya buga rubutu, ya buɗe imel, ya iya tura takarda, tunda rajistar farko ma yanzu ta intanet ake yi. Ya riƙa sauraron labarai da faransanci a rediyo kullum yana maimaitawa da baki. Kuma yaranmu da suka yi makarantar allo suna da ƙarfin hadda da juriyar zama a kan karatu, yana taimakonsu sosai, sai dai a faɗa masa a fak ba a son ka mayar wa malami abin da ya faɗa kawai, ana so ka yi bayani da kanka.

Su yara biyun da kawu yake misali da su, a je a tambaye su me ya faru. Ina kyautata zaton za ka ji maganar kuɗin ɗaki ko rashin lafiya ko takarda, ba wai sun kasa fahimtar darasi ba.

Baƙo_daga_Njamena:

Salamu alaikum mutanen Kamaru, ku ba ni wuri ni ma in ce wani abu. Ni Bahaushen Cadi ne, a Njamena na tashi, babban birni, amma ranar da na haye gadar Ngeli na shiga Kuseri na kama hanyar kudu zuwa karatu, birnin nan bai tsinana min komai ba, na zama baƙo kamar kowa. Mu da larabcin Cadi muka saba a titi, na zo na tarar fulatanci ake yi a kasuwa, ban san kowa ba, ban san farashin komai ba. Mu 'yan Cadi muna da yawa sosai a Ngaundere da Marwa, wasu daga Mundu wasu daga Sar wasu daga Abeshe, da yawa sun zo ne don suna son shekarar karatu ta fara ta ƙare a kan lokaci.

Abin da ya riƙe mu shi ne ƙungiya. Tun kafin ka iso an ba ka lambar wani babba, shi zai tarbe ka a tasha, ka kwana ɗakinsa har ka samu naka, ya raka ka wajen rajista, ya ba ka tsofaffin takardunsa, in ba ka da lafiya a yi karo-karo a kai ka asibiti. Ɗan ƙauyen da ya faɗa hannun irin waɗannan ya fi ɗan birnin da ya zo shi kaɗai samun sauƙi, na gani ba sau ɗaya ba. Kuma kusan kowane yanki yana da irin wannan haɗin kai na ɗalibai, ga kuma 'yan uwa na masallaci. Don haka Alhaji kafin ka nemi ɗaki ka nemi mutum. Yaro mai hankali wanda yake shekara ta biyu ko ta uku a fannin da ƙaninka zai shiga, ka kira shi da kanka ka ce ga amana.

Ɗan_Dang_tsohon_ɗalibi:

Hajiya Ummu Hanan na karɓi gyara, gaskiya ne ɗan talakan birni ma yana shan irin tamu. Yaya mai shago in ka yanke shawarar Ngaundere ka yi min magana ta akwatin sirri, akwai yaran wajenmu da suke fak ɗin kimiyya yanzu zan haɗa ku. Ku je neman ɗaki tun watan Satumba kafin masu kusa da makaranta su ƙare, ku duba akwai rijiya ko famfo a gidan, ku tambaya kuɗin wuta a cikin haya yake ko daban, kuma duk abin da kuka biya a ba ku rasit a hannu.